Garmar Ƙanƙara a Ƙasar Yashi

Farkon sanyin Doha ne, shekarar da aka yi ƙwallon duniya. Sanyin nasu ba wani sanyi ba ne, zafin ne dai yake sassautawa har mutum ya iya zama a waje da la'asar. Garin ya cika da tutoci, an cire takunkumin fuska, duk wanda ka gani haƙoransa a waje kamar an yi masa albishir. Ni kuwa ina cikin shekarata ta uku a can, alhali wata uku na zo yi. Wankan jegon surukata ya kawo ni, annoba ta rufe hanya, kafin a buɗe kuma jikar ta saba da bayana, sai aka yi mini takardar zama.

Gidan ɗana na fari nake. A wajenmu, can arewa da Gumel, bakin iyaka, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa ko da wata ya tsinko. In ya gaishe ni, ina kallon bango nake amsawa. Abin da nake son faɗa masa kuwa matarsa nake faɗa wa, ko da yana zaune a wurin. Ita 'yar birnin Kano ce. Da farko abin dariya yake ba ta, daga baya ta zama gwanar kai saƙo, har da ƙarin gishiri.

Aikinsa kula da injinan wata gona a Umm Salal, inda ake noman tumatir da kokwamba da salak a cikin rumfunan leda. Mai gonar wani dattijon Balarabe ne, shi ne kuma kafil ɗinsa, wato da sunansa muke zaune a ƙasar. A shekarar ya samu masu otal da suka ce kullum da safe a kai musu kaya har a gama ƙwallo. Sai dai tsakanin kwalta da ƙofar gonar akwai hanyar tsakuwa, kuma duk ranar da iskar arewa ta taso sai ta shimfiɗa mata yashi. Dā gireda suke ɗaukowa haya, amma bana duk manyan injina suna cikin gari wajen aikin baƙi.

Nan ɗan nawa ya kawo shawara. Gonar tana da 'yar ƙaramar tarakta, ya ce a saya mata wani ƙarfe mai faɗi da ake ɗaurawa a baya, irin bakin gireda, tana tafiya yana kwashe abin da ke kan hanya yana turawa gefe. Dattijon ya yarda, amma ya ce hanyar tana wuyansa. Takardar aikin ɗan nawa kuwa ƙarshen shekara za ta ƙare. In motar kaya ta maƙale ana cikin ƙwallo, to khalas, shi ke nan, babu sabuntawa.

Ni garmar baya na sa wa ƙarfen suna. Abin da ya ba ni mamaki, duk bidiyon da ya samu na koyon aiki da ita, na masu share dusar ƙanƙara ne. Akwai wani Bature mai jar hula da farin gemu wanda ya zama kamar ɗan gida, don kullum bayan abincin rana yana falonmu yana bayani, hayaƙi na fita daga bakinsa. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara kwance a ƙasa ba sai a wurinsa. Na ce da surukata, "Waɗannan mutane Allah ya zubo musu garin tuwo har gwiwa, su kuma shara suke yi."

Ta ce, "Inna, ba ya tuƙuwa."

Zaɓen garmar ma sai da ya ɗauki kwanaki. Akwai mai faɗin ƙafa biyar, da shida, da bakwai. Ina tsince shinkafa ina jinsa yana yi wa matarsa bayani, ita kuma tana cewa to, to, tana yanke wa yarinya farce. Wai dole faɗin ya rufe sawun tayoyin baya, kuma in aka karkata ƙarfen faɗin raguwa yake yi, saboda haka mai biyar ta yi kaɗan. Ransa ya fi kwanciya da mai bakwai, don ta fi cika ido.

Na ce, "'Yar nan, marigayi maigidana in zai sayi garma, shanun yake fara dubawa, ba gonar ba."

Ta juya ta ce, "Injiniya, Inna ta ce taraktarka maraƙi ce, kada ka ɗora mata kayan bijimi."

"Ban ce haka ba."

"Ai fassara na yi, Inna."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Mai shida ya saya, wadda ke da huda-huda a sama, a zare ƙusa a karkata ta dama ko hagu, ko ma a juya ta gaba ɗaya.

Ranar Juma'a muke zuwa gonar, tun lokacin kulle da ba mu da wurin shan iska sai can. Sukan shimfiɗa mini tabarma a gindin dabino, in ɗauki tsintsiya in share gaban ɗakin hutawa, don hannuna ba ya son zama. A nan na ga gwajin farko. Ya sauke garmar har ƙasa kamar yadda mai jar hula yake yi, taraktar ta yi gurnani, tayoyi suka yi ta juyawa wuri ɗaya. Ashe yashi ya fi ƙanƙara nauyi nesa ba kusa ba. Da kansa ya gane cewa kaɗan-kaɗan ake ɗiba, a je a dawo, kuma in an kusa tsakuwa a juya bayan ƙarfen don ya shafa ba tare da ya tone hanyar ba. Wannan duk ya burge ni, ban dai nuna ba.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne inda yake tara yashin. Duk ya tura shi gefen arewa, ya yi doguwar kunya kamar katanga. Na ji yana gaya wa ma'aikata cewa katangar za ta tare wanda iska za ta kawo. Na ga kuskuren, amma na ci gaba da sharata. Mutum ya yi karatu har ƙasashen waje, ni kuwa ajin yaƙi da jahilci na yi a zauren mai unguwa, ina goye da autana. Kuma ɗan fari ne, a gaban ma'aikatansa.

Bayan kwana huɗu iska ta taso. Da safe motar kaya ta nutse har ciki a tsakiyar hanya, sai da ma'aikata suka yi ta jidar kwandunan tumatir a ka zuwa bakin kwalta. Dattijon ya zo ya tsaya ya duba, ya shiga motarsa. Saura kwana goma a fara ƙwallo. Ɗan nawa ya dawo gida da azahar, aka ajiye masa abinci ya yi loma biyu ya ture. Ko mai jar hula bai kunna ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da la'asar na ɗauko babban faranti, na zuba garin masara, na ɗauko marar kwasar tuwo da faifai, na zauna a tsakar falo, nesa kaɗan da kujerarsa.

"'Yar nan, zo in koya miki shara."

"Ni, Inna? Shekara takwas da aure?"

"Ta garinmu daban ce. Zauna."

Na ja hanya da yatsa a tsakiyar garin. Na karkata marar na tura garin gefe guda, ya yi tudu. Sannan na koma bayan tudun na yi fifita a hankali. Garin ya hau tudun, ya gangaro, ya kwanta lif a kan hanyar.

Na ce, "Kin gani? Yashi ba ya tsoron katanga. Hawa yake yi ya kwana a bayanta, don nan ne iska ba ta damunsa. A garinmu duk gidan da ya yi katanga ta arewa, sai ya wayi gari da yashi a bakin ɗaki. Mai shara iska take ba wa baya. Inda iska za ta, can ake tura shara, a baje ta, kada a bar mata tudu."

Na share hanyar, na juya marar ɗaya gefen, na baje garin, na sake fifita. Ya bi ta kan hanyar ya wuce abinsa, sai ɗan ɓurɓushi.

"To in ana son a tare shi fa?" Ba ita ta yi tambayar ba. Daga kan kujera ta fito, wayar tana hannunsa amma a kife.

Ban waiwaya ba. Na ce da ita, "In wani ya tambaye ki, ki ce darni ake yi, ba katanga ba. A ja da baya kamar taku ashirin daga hanya, ta inda iska ke zuwa, a kafa shi sako-sako yadda iska za ta ratsa ta gaji, ta sauke kayanta a can. Mu da kara muke yi. Na ga busasshen ganyen dabino jibge a bayan rumfuna, ba mai amfani da shi."

Ta juya da fuskar gaske ta ce, "Injiniya, wani ya tambaya?"

Ya ce, "Ki ce wa Inna an ji."

Kwana uku suka yi suna aikin. Ya zare ƙusa ya karkata garmar kudu, ya rushe katangar tasa da kansa, ya ja yashin ya tsallake da shi hanya ya baje. Ranar Juma'a na tarar sun kafa ganyen dabino sun cusa shi ƙam kamar zanan banɗaki. Na ce da surukata ta gaya wa mutanen su zare ɗaya cikin uku. Suka zare suna kallona, ɗayansu yana cewa, "Yalla, yalla, maza-maza, Mama ta faɗa."

Ana cikin makon farko na ƙwallo iskar ta dawo, mai ƙarfi, har tutocin unguwarmu suna kaɗawa kamar za su tsinke. Ya fita bayan sallar asuba. Na yi lazimina na ƙara, na kasa karyawa. Wajen hantsi ya aiko wa matarsa hoto: yashi ya taru a gindin darni kamar an auna, a kan hanya kuwa ɗan shafi ne, zuwa ɗaya da dawowa ɗaya ya kwashe. Ga motar kaya can ta hau kwalta.

Har aka gama ƙwallo motar ba ta sake maƙalewa ba. Bayan nan da kwana biyu ya shigo da yamma da kwalin dabino, ya ajiye a gaban matarsa, ya ce, "An sabunta, shekara biyu. Dattijo ya tambaye ni a wace makaranta aka koya mini darni. Na ce a faranti. Ya ce a kai wa mai farantin wannan."

Ta turo mini kwalin. Na ce Allah ya sa albarka, ina kallon bango, bangon kuma ya ɗan yi mini hazo-hazo.

Washegari na riga kowa shiga kicin. Na kwaɓa ɗanwake da garin kukar da na yi ta ɓoyo tun da aka aiko mini shi daga gida, na soya mai da albasa, na daka yaji, irin wanda ɗan nawa yake wawura a tukunya tun yana ɗan firamare. Na cika kwano na rufe da faifai, na miƙa wa surukata, na ce na yi wa yarinya ne ya yi yawa, ta duba ko akwai mai ci.