Mai Sabulu a Jaka

Tana tsaye bakin famfon tasha, siririya, mayafinta ya koɗe, 'ya'ya uku a jere kamar sojoji. Ba tsawa, ba zagi. Gutsuren sabulu kawai take miƙawa daga jaka, kowa na cuɗa hannu har tsakanin yatsu.

"Auta, farcen fa?" in ji ta. Ya koma ya sake.

Ni nawa 'ya'yan, duk wa'azina, a rigata suke goge hannu. Ga maganin gudawar ƙaramarmu a aljihuna, matar nan kuwa da gani ba ta san hanyar kantin magani ba. Haushi kamar in fashe. Na ciro lemo zan ɓare.

Autan ya nuna ni. "Mama, baban nan bai wanke ba."

Da furfurata na bi layi.