Hannun Auta

Guduma mai walda ne, amma ba don aikin ƙarfe aka laƙaba masa sunan ba. Mutum ne da hannunsa ke riga bakinsa magana. Da ya shiga jami'a karatun addini yana da shekara talatin da takwas, mutanen unguwa suka ce shiriya ta zo. Ina fa! Hujja ya je nema.

Shekara shida kafin nan, wata rana da azahar, ya leƙa bayan shagonsu ya tarar da ƙanensa Auta yana salla, hannuwa ɗore a ƙirji. Su kuwa a gidansu sakin hannu ake yi, haka mahaifinsu ya yi har ya koma ga Allah.

"Wato Baba bai iya salla ba ke nan?" in ji Guduma, bayan Auta ya sallame.

"Yaya, ai duka biyun malamai sun..."

Bai ƙarasa ba, sai mari, sai naushi a baki. Auta ya tofar da jini ya sake ɗauko maganar, don taurin kai gado suka yi. Guduma ya rarumi guntun rodi ya sauke masa a kafaɗar dama, har sau biyu. Mai faci da ke maƙwabtaka da su ya ce da kunnensa ya ji ƙarar ƙashin. Likita ya ce jijiya ta tsinke. Hannun ya shanye.

Guduma bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi addini ya kare. Amma abin yana cin sa a rai, har ya rantse sai ya kawo littafi ya buɗe wa Auta shafin da ya wanke shi.

A aji yakan zauna can baya cikin sa'o'in 'ya'yansa, yatsu duk tabon wuta, yana danna biro har takarda ta huje. Baba suke kiransa. A shekara ta biyu malamar fiƙihu, wata siririya mai tabarau, ta raba allo gida biyu ta jera sunayen magabata.

"Waɗannan sun saki hannu, waɗannan sun ɗora. Kowa sallarsa ta yi."

"Malama, wanne ne daidai?" in ji Guduma.

"Duka biyun."

"Ai dole wani ya ɓata!"

Wani ɗalibi da ke gabansa ya fashe da dariya. "Haba Baba, sai ka ce a kan wannan za a kashe mutum!"

Kafin ya rufe baki Guduma ya shaƙo wuyan rigarsa, ya ɗaga shi ya maka da bango. Hanci ya fashe, jini ya wanke rigar. Kujeru suka kife, mata suka yi waje da ihu. Ya dunƙule hannu zai ƙara masa, sai ya ga ɗalibin ya kare fuska da hannun dama, daidai yadda Auta ya yi. Mutum huɗu suka danne shi, alhali ya riga ya saki. Jami'a ta dakatar da shi zango guda.

Daga ofishin da aka sanar da shi hukuncin ya zarce rumfar da Auta ke sayar da cajar waya. Ƙato da shi ya durƙusa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi.

"Auta, duka biyun sun halatta."

"Na sani, Yaya. Maganar da ka hana ni ƙarasawa ke nan."

Aka kira la'asar. Auta ya warware tabarma da ƙafa.

"Tashi mu yi salla. Ni yanzu duka biyun nake yi."

Ya ta da kabbara, ya ɗora hannun hagu a ƙirji, na dama yana reto a gefensa. Guduma ya tsaya kusa da shi yana kuka, ya rasa inda zai sa nasa hannuwan.