Fatalwar da Ke Neman Ruwa a Gadar Garinmu

Ranar Laraba ce. Na tashi da kiran sallar farko, na hura wuta, na ɗora tandar masa. Mijina Sale ya sha kunu, ya ɗauki fartanya ya tafi tonon gyaɗa. Dada, mahaifiyarmu, tana bakin ɗaki tana shafa man zafi a gwiwarta. 'Yata Ummi, mai wata takwas, tana goye a bayana.

Ƙarfe bakwai yayana Hamma Buba ya shigo da adaka a kafaɗa. Mahauci ne, amma wata uku ke nan da shigarsa 'yan banga. Ya ci masa huɗu a tsaye. Ya ce Ciyaman ya kira su bakin gada. Ciyaman Iliya shi ne shugaban 'yan bangar garinmu. A taron gari ya buga ƙirji ya ce ba mai tsallake gadar nan sai ta kan gawarsa. Aka yi masa tafi. Gari ya haɗa hannu ya saya musu motar a-kori-kura.

Ƙarfe tara da minti ashirin na ji ƙarar farko daga bayan kasuwa. Na duba waya, shi ya sa na san lokacin. Ta biyu ta girgiza kwanon rufi. Sai baburan mahara. Sai ihu.

“Sun shigo! Ku yi gada!”

Gadar ita ce hanya ɗaya tilo da ke fita zuwa Yola. Sojoji 'yan kaɗan da 'yan banga sun tare bakinta don mutane su samu wucewa. Na bar masa a kan wuta. Na kamo hannun Dada. Taku goma sai ta tsaya, taku goma sai ta tsaya.

Ƙarfe goma saura muka kusa gada. Sai hon a bayanmu. Motar 'yan banga ce, Ciyaman a kan sitiyari. A bayanta katifa biyu, janareto, da raguna biyu a ɗaure. Akwai wurin mutum goma ko fiye. Hamma Buba ya taso daga bayan buhunan yashi, ya bi motar yana dukan ƙofa.

“Ciyaman, tsaya! Ɗauki Dada!”

“Ku matsa! Ku ba ni hanya!”

Ya wuce. Na ga keyarsa, na ga ragunan suna layi. Wannan shi ne yaƙin da Ciyaman Iliya ya yi a gadar garinmu.

Harbi ya taso daga gefen rafi. Wata mata a gabana ta faɗi da tulu a hannu. Hamma ya tura mu gangaren gada, inda wani kwalbati yake cikin ciyawa.

“Ku shiga! Kar ku fito!”

Ya koma saman gada.

Fiye da awa ɗaya aka yi ana musayar wuta a kanmu. Ƙasa tana zubo mana. Na sa wa Ummi nono a baki, na danne kanta a ƙirjina. Sha ɗaya da rabi harbi ya yi sauƙi, sai ɗaya-ɗaya. Sannan maharan suka hau gada da baburansu suka tsaya. Muna jin takunsu. Muna jin dariyarsu.

Sha biyu da 'yan mintuna wata murya ta ce, “Ruwa.”

Ta bakin kwalbati na hango ƙafafu biyu da hannu ɗaya a kan gangare. Na gane takalmin, na Hamma ne. Tsakaninmu da shi taku ashirin. Tsakaninsa da rafi bai kai goma ba. Dada ma ta gane muryar. Ta yunƙura. Na sa gwiwata na danne cinyarta, na toshe mata baki da hannun da ya rage mini. Ta cije ni har jini. Ban saki ba.

Ya ce ruwa da ƙarfi. Ya ce ruwa a hankali. Wani lokaci ya yi shiru har in ce shi ke nan, sai ya sake. Azahar ta wuce ba wanda ya kira salla. Ƙarfe uku da minti goma ya faɗa sau ɗaya. Bai ƙara ba.

Wajen ƙarfe biyar babura suka koma cikin gari. Muka fito da rarrafe. Dada ta wuce ni ta sauka rafi, ta jiƙa bakin mayafinta, ta dawo ta goge masa leɓe. Na rufe masa fuska da hularsa. Ba mu da abin tona ƙasa, ba mu da lokaci. Muka ratsa ruwa muka shiga gonar dawa.

Kwana uku muna tafe. Mun ci ɗanyar gyaɗa, mun tauna kara. In Dada ta kasa, sai in mayar da Ummi gaba in goya Dada. Rana ta huɗu wata motar shanu ta tsaya mana. Ta Vinikilang muka shigo, muka hau babbar gadar Binuwai. Dada ta rufe ido har muka sauka Jimeta. Daga nan aka kai mu sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Tun daga bakin rafi ba ta sake magana ba. In na miƙa mata kofi sai ta karɓa, ta duba cikinsa, ta ajiye. Kwana goma sha biyu ta yi, ta rasu.

Yanzu shekara goma ta wuce. Ina soya masa a unguwar Dubeli, cikin Jimeta. Ciyaman Iliya yana da shagon siminti a layinmu, ya yi ƙiba, ya yi furfura mai kyau. Gwarzon gada ake ce masa. 'Yan makaranta suna zuwa wurinsa da wayoyi. Duk Asabar sai ya cika bas da su, ya kai su garinmu su ga filin daga. Na ga hotunan a wayar maƙwabciyata. Suna tsaye a kan gada da baƙin tabarau, suna ɗaga yatsu biyu. Da rana tsaka sai ya ce kowa ya yi shiru. Wai ana jin takun sojoji. Wai wani mai farin kaya yana tsayawa a gangare ba kai. Wai in ka kasa kunne za ka ji fatalwa tana neman ruwa. 'Yan mata su yi ƙara su riƙe juna, sannan a buɗe lemo.

Takun sojoji da mai farin kaya shi ya ƙera su. Maganar ruwa kuwa tawa ce. Sau ɗaya na faɗa wa matan tantinmu a Malkohi, ta bi baki har ta isa kunnensa. Mutumin da ya kai Jimeta kafin la'asar da ragunansa, shi ne yau yake kwaikwayon muryar Hamma, har da karya wuya.

Watan jiya ya turo mini wata ɗaliba. Ta zo da waya a kan sanda, shi yana biye da ita yana murmushi.

“Adda, an ce ke ma 'yar garin ce. Kin taɓa jin muryar nan?”

Na juya masar da ke tanda. Na ce, “Na ji.”

Idonta ya yi haske. “Wayyo! Ba ki ji tsoro ba? Yaya take?”

“Irin ta mutane. Mai ita yana da rai a lokacin. Awa uku ya yi yana kira. Sunansa Buba, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.” Na nuna Ciyaman da cokali. “Wannan bai ji ba. Tambaye shi ƙarfe nawa ya tsallake gada, da abin da ya ɗauko a bayan mota.”

Ta juya wayar ta saita shi. Ya taɓa aljihu, ya ce ana kiransa, ya koma shago da sauri. Wannan saurin na san shi. Asabar ta zagayo, bas ta sake cika.

Mu bakwai ne a gidanmu. Ni da Ummi muna nan, tana aji ɗaya a sakandare. Sale bai dawo daga gona ba. Matar Hamma da ɗansu, an ce an gan su a bakin kasuwa da safiyar ranar, daga nan ba labari. Hamma na bar shi a gangare. Dada tana maƙabartar Malkohi, layi na uku daga gindin darbejiya. A cikin biyar ɗin, kabarinta kaɗai na san inda yake.