Wanda Ya Roƙi Wutsiyar Ayari

Ranar Talata ce, cikin kaka, ana tsakar jidar masara. Bayan sallar asuba na ji shi yana wanke mota a ƙofar gida. Motar ta daɗe ba ta ɗauki fasinja ba, amma bai fasa wanke ta ba. Na leƙa na ce, "Direba, wadda ba ta zuwa ko'ina ma sai an yi mata wanka?"

Ya ce, "Malama, ai mara lafiya ya fi kowa buƙatar tsabta."

Direba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama, kamar yadda ɗalibaina suke faɗa. Ɗana ne na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Na yi digiri a Zariya, na shekara da shekaru ina koyar da ilimin sinadarai a sakandaren 'yan mata, amma wannan kunyar ban taɓa ajiye ta ba. Yau zan rubuta sunan: Abdulkahar Abarshi, direba a tashar Birnin Gwari.

Da hantsi ya sha koko da ƙosai a ɗakina, saboda matarsa Huraira tana da ciki, ƙamshin mai yana tayar mata da zuciya. Daga nan ya tafi tasha da ƙafa. Ba shi da layi a ranar, amma yana zuwa ya taya 'yan kamasho ɗaurin kaya. Da azahar ya dawo da rake a kafaɗa, ya fere wa matarsa, ya ɗan kishingiɗa a zaure.

Kafin in kai ga la'asar sai na faɗi yadda motar take.

Ya yi karatun lantarki a kwalejin kimiyya a Kaduna, ya nemi aiki bai samu ba, ya kama tuƙi ba tare da ya tsaya jin nauyin kowa ba. Da man fetur ya yi tsada, ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayo irin wadda ake kira haibirid, mai tafiya da inji da batir a haɗe. Idan tana tafiya a hankali injin yakan yi shiru, batir ya ja ta. 'Yan tasha suka sa mata suna Mai Sanɗa. Da farko dariya suke yi, suna cewa ya sayo motar aljanu. Daga baya suka lura shi kaɗai ne yake zuwa Kaduna ya dawo bai tsaya gidan mai ba. Tsofaffi suna son motarsa don ba ta jijjiga su. Matan Kuyello da na Gayam masu zuwa asibiti sukan jira layinsa ko da wata motar ta riga cika. Yakan sayo wa masu ciwon suga allurarsu daga Kaduna, ya sa a kular ƙanƙara ƙarƙashin kujerarsa. Ba ya kunna waƙa a daji. Yakan raba wa fasinja dabino a bakin dajin, ya ce bakin da yake tauna ba ya ihu.

Wanda bai san hanyarmu ba sai a yi masa bayani. Daga nan zuwa Kaduna ba a tafiya ɗai-ɗai. Motoci suna taruwa da safe su tashi a jere, 'yan rakiya a gaba, saboda 'yan bindigar da ke cikin dajin. Ayari ake cewa. Direbobi suna da doka a tsakaninsu: in mota ta lalace, wadda ke bayanta za ta tsaya ta kwashi mutanen. Motar ƙarshe kuwa, wadda suke kira wutsiya, na gabanta ne yake kula da ita ta madubi, kuma shi zai tsaya mata. Ba a barin ɗan'uwa a daji. Dokar ta ceci rayuka. Amma kowa ya san tsayawar nan ita ce abin da mutanen dajin suke jira.

Da damina batirin ya fara gazawa. Fankar da ke bayan kujera ta riƙa ƙara, injin ya daina hutawa, wata jar alama ta fito a gaban sitiyari. Wata rana a hanyar Gayam motar ta mutu tsaye, ta ƙi tashi sai bayan ta huce. A ranar ya sauke lambarsa daga layi.

Akwai wani bakanike a Kaduna, Obed, wanda ya san irin waɗannan motoci. Ya ba shi zaɓi. Batirin ba guda ɗaya ba ne, ƙananan batura ne da yawa a jere, waɗanda suke kira sel. Za a iya cire waɗanda suka mutu a sa wasu, a goge jar alamar da kwamfuta, ya koma aiki cikin mako. Ko ya sayi na Kwatano, wanda ba wanda ya san tsufansa. Ko ya sayi sabo. Wani dillali ma ya zo har gida, ya ce a sayar masa da ita yadda take, shi ya san yadda zai kashe alamar ya miƙa wa wani.

Direba ya ce masa, "Alhaji, wanda za ka miƙa wa, ta sama zai bi ya je Kaduna?"

Dillalin bai sake zama ba.

Batun canza sel kuwa ni ya tambaya. Wannan fannina ne, kuma ban sassauta masa ba. Na ce masa baturan da ke jere kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya: in ka haɗa sabo da gajiyayye, gajiyayyen ne zai yanke tafiyar, kuma gobe wani gajiyayyen zai bayyana. Na ce gyaran zai iya kai shi shekara, zai iya kai shi mako, ba a sani ba.

Ya ce, "To wannan 'ba a sani ba' ɗin ne ba zan loda wa mutane ba."

Ya sayar da rabonsa na masarar gonar marigayi mahaifinsa da ke Kuyello, ya sa Obed ya nemo sabon batir. Saura kai motar. Cikin kanikawan garinmu ba wanda ya yarda ya taɓa wayoyin, suna cewa wutarsu tana kisa, kuma gaskiya suka faɗa. Obed ya ce ba zai biyo hanyarmu ba, yana da yara ƙanana. Manyan motocin da za a iya ɗora ta a kai kuwa, cikin kaka duk cike suke fita da masara, sai a dawowa suke zuwa wayam. Ga haihuwar Huraira tana matsowa, yana son motar ta warke kafin lokacin.

Da la'asar ɗin Talata ya kira Obed, ya buɗe muryar wayar ina ji. Obed ya ce, "Oga, in ba kaya, ba fasinja, ba kunna na'urar sanyi, ka lallaɓa ta, ina jin za ta kawo ka." Ya sake tambayarsa, Obed ya sake cewa yana ji, bai ce ya tabbata ba.

Bayan magariba Jumare ya zo. Amininsa ne tun suna firamare, Bafillace, yana tuƙa bas a layin Kaduna. Suka zauna a zaure. Direba ya ce masa ya riga ya roƙi shugaban tasha a ba shi wutsiya gobe, kuma yana son Jumare ne zai kasance a gabansa.

Jumare ya ce, "Shi ke nan? Ai ko ba ka roƙa ba idona yana kanka."

"Ba shi nake nema ba. In ta mutu, kada ka tsaya."

"Kai Kaɗo, rana ta taɓa ka ne? Mu ko saniya ce ta karye a daji ba ma barinta."

"Ku bar garke duka ku tsaya wa saniya ɗaya?"

"Muna tsayawa!"

"Shi ya sa ka ƙare a tuƙin bas."

Jumare ya yi dariya, sannan dariyar ta yanke. Direba ya ce masa shi kaɗai ne a motarsa, Jumare kuwa zai ɗauko mutane cike da bas, da mata da yara, kuma ba su ne suka zaɓi tafiya da batir mara lafiya ba. Ya ce in ta mutu zai kunna masa fitila sau biyu, ma'ana ya wuce ya sanar da 'yan rakiya, su ne masu bindiga. Ya ce sai ya rantse.

Jumare ya ce, "In wani abu ya faru me zan ce wa Malama?"

"Ba sai ka ce komai ba. Ga ta can bayan labule tana jinmu."

Gaskiya ne, ina nan tsaye da kwanon tuwonsu. Na yi gyaran murya, na shiga na ajiye, na fita. Jumare ya rantse.

Bayan isha ya leƙo ɗakina ya ce in sa shi a addu'a. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya tambaya ko akwai abin da zai sayo mini, na ce gilashin fitilar ɗakin gwaji da ɗalibai suka fasa. Iyakar maganarmu ke nan.

Abin da ya faru ranar Laraba daga bakin Jumare na ji. Sun shiga dajin lafiya. A wani hawa inda kwalta ta farfashe, ya ga Mai Sanɗa tana raguwa a madubi, sannan ta tsaya. Fitila ta haska sau biyu. Ya ce ƙafarsa ta riga ta hau birki da kanta, har bas ɗin ta rage gudu, sai ya hango babura suna fitowa daga cikin itatuwa. A kujerar da ke bayansa akwai wata mata da jariri a cinya. Ya ɗauke ƙafar. Ya yi ta danna oda har saƙon ya kai gaba. Da 'yan rakiya suka juyo, sai suka tarar da Direba a gefen motar, an harbe shi. Motar tana nan, don ta ƙi tashi wa waɗanda suka so tafiya da ita. Duk wanda ya shiga ayarin nan a matsayin fasinja ya sauka Kaduna da ƙafarsa.

An kawo shi kafin la'asar, aka yi masa sutura kafin magariba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Jumare bai shigo gaisuwa ba. Kullum yana zuwa ya zauna a gindin darbejiyar da ke tsallaken gidanmu, ya tashi da yamma. Sai na ji cewa a tasha wasu sun daina amsa sallamarsa, suna cewa ya karya doka, ya bar ɗan'uwa a daji. Ranar addu'ar bakwai na aika a kira shi, na kuma roƙi shugaban tasha da dattawan direbobi su shigo tsakar gida. Ban saba magana a gaban maza haka ba. Na faɗa musu abin da na ji a bayan labule, kalma da kalma, har da zancen saniya. Na ce ɗana ne ya nemi wutsiya, shi ya sa sharaɗin, kuma Jumare ya cika masa alkawarin da ya fi tsayawa wuya. Shugaban tasha ya tashi ya kama hannun Jumare. A nan ne Jumare ya yi kuka.

Matar nan mai jariri ta zo daga Kuyello da kwaryar gyaɗa. Ba ta san ni ba, tambaya ta yi har ta iso. Ta kwanto yaron ta ɗora mini a cinya. Na riƙe shi har ya yi barci.

Ana tambayata ko ina jin da ma ya jira kaka ta wuce. Uwa ce ni, ba sai an tambaya ba. Amma na san abin da ya ƙi yi, kuma na san hanyoyin da suka fi sauƙi duk a buɗe suke gare shi. Yanzu a tasharmu motar da ke nuna jar alama ba ta shiga ayari, ko da wayam take. Direbobin ne suka yanke haka da kansu.

Huraira ta sauka lafiya, ta sami mace, aka sa mata Bara'atu.

Kayansa ba su da yawa. Rigunansa ƙannensa suka ɗauki wasu, sauran aka ba 'yan kamashon da yake taya ɗaurin kaya. Wayarsa da agogonsa suna wajen Huraira. Kular ƙanƙarar na ba wani direba da ya karɓi sayo allurar masu suga. Motar kuwa wata babbar mota da ta dawo wayam ta ɗauko ta. Dillalin nan ya sake zuwa bayan arba'in, na ce a gaya masa amsar ba ta canja ba. Da aka zauna rabon gado muka yarda a bar ta cikin rabon yarinyar. Bayan an gama jidar masara aka ɗora ta a babbar mota zuwa wajen Obed, ya sa mata sabon batirin da mai ita ya zaɓa. Jumare ne yake tuƙa ta yanzu, ya bar bas.

Tsohon batirin na ce a dawo mini da abin da ya rage mai rai a cikinsa. Obed ya ware matattun ya kai inda ake narkar da su, ya aiko mini da sauran a kwali. Suna ɗakin gwajin makarantarmu. Idan muka zo darasin baturan da ke jere, nakan sa 'yan mata su haɗa su da hannunsu su kunna ƙwan fitila.