Jarumar Bayan Katanga

Wannan ba ji na yi ba, gani na yi, a unguwar Gorton ta ƙasar Turawa, shekarun da ɗana ya kawo ni renon jikoki.

Gidajen unguwar a manne suke kamar haƙora. Ban san hanya ba, ban iya shiga bas ba, iyakata ɗan filin da ke bayan gidanmu inda ake shanya. A nan na san wata yarinya 'yar Indunusiya, mai aikatau a gidan Larabawa maƙwabtanmu. Ta yi aiki a Jidda, ni na zauna Makka, sai muka haɗu a gurgun Larabcin kasuwa, ta saman katanga.

Wata safiya na tarar tana matse zanen gado tana kuka.

"'Yar nan, lafiya?"

"Uwata ce, Hajiya. An ce ta daina cin abinci."

"To me kike jira? Uwar ɗakinki ta hana?"

"Ba ta hana ba. Har tikiti ta ce za ta saya mini."

"To wa ya riƙe ki?"

Ta ce a ƙasarsu jarumi ba abin wasa ba ne. Jarumai makabartarsu daban, ranarsu daban, hotunansu na bangon aji, yara na haddace sunayensu. To mata irinta masu fita aikatau, su ma jarumai ake ce musu, har a ƙyalle an rubuta a filin jirgi. Yayanta ya ce mata a waya ita ce jarumar gida, jarumi kuwa ba ya barin fage: rufin ɗaki bai ƙare ba, ƙanne na makaranta.

"Shi yayan naki me yake yi?"

"Kiwon tsuntsu mai waƙa." Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Na san wannan igiya. Ubana mafarauci ne; in aka yi masa kirari, ko ƙafarsa na jini ba ya iya juyawa.

Na ce, "Kirari ba ya jinyar uwa. Ajiye musu sunansu ki tafi."

"In na koma hannu rabbana, Hajiya, da wane suna zan shiga ƙauye?"

Kullum sai na tambaya, kullum sai ta ce wata mai zuwa. Ranar da Larabawan za su ƙaura Birmingham, ta zo katanga ta ce an binne tsohuwar tun Juma'a. A wurin zaman makoki, in ji yayan, kowa ya sa wa jaruma albarka.

Na ce Allah ya jiƙanta. Aka ƙwala mata kira daga ciki, ta saɓi jaririn mutane ta shiga mota.