Taku Huɗu da Suka Ɓata a Bene

Ku matso in ba ku labarin maƙwabcinmu, Baba Magini. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗora bulo kan bulo, rabin gidajen layinmu aikin hannunsa ne. Sai bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma ƙafar hagu sai ya ja ta, magana kuma sai a hankali.

Babban ɗansa, wanda ya karɓi aikin, ya ce Baba ya gama zuwa wurin gini. "Ba ƙafar kaɗai ba ce, Inna," ya ce wa mahaifiyarsa a tsakar gida, a zatonsa tsohon barci yake. "Kan ma ba kamar da ba." Baba kuwa yana ji. Maganar ta fi allurar asibiti zafi.

Autarsa, malamar makaranta, ita ta kawo masa kwamfutarta don ya rage zaman shiru. Ta sa masa wani wasa da ba ka ganin kanka a ciki, da idonka kake kallo, kamar kai ne tsaye a wani tsohon gida da aka kulle, kana bin ɗaki ɗaki kana gano sirrin kowace ƙofa. Mutumin da ko bakin titi ba ya kaiwa, ga shi yana hawa bene! Ranar farko jiri ya kwashe shi, sai da Inna ta yi masa fifita.

Faɗa kuwa sun sha shi da wasan.

"Ƙofar katako ce fa, a ba ni guduma mana!"

"Baba, ba a fasawa. Sai ka jera hotunan nan uku daidai," in ji autar.

"Wane mahaukaci ne ke kulle ɗakinsa da hotuna?"

Ya so ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko da rami a ciki, babu hali. Abin da wanda ya ƙera wasan bai tanada ba, kome dabararka ba ka yin sa.

A saman bene ya maƙale. Autar ta ce ai yayanta ma nan ya yi wata guda ya haƙura. Baba ya ce a miƙo masa fensir da bayan kalanda. Ya riƙa danna maɓallin tafiya yana ƙirga taku, yana zana gidan yadda ya saba zana wa masu ba shi aiki. Kwana uku yana abu ɗaya. Baranda taku ashirin, ɗakuna biyun da ke jikinta takwas da takwas.

"Kira min yayanki."

Ɗan ya shigo da ƙurar siminti a wando. Baba ya tura masa takardar. "Injiniya, taku huɗu sun ɓata. Ina suke?"

"Kaurin bango ne, Baba."

"Bango mai taku huɗu? A hannun wa ka koyi gini?"

A cikin wasan, Baba ya nufi kabad ɗin littattafan da ke jikin wannan bangon, ya bi shi daki-daki har ya sami littafin da ke motsi, ya danna. Kabad ya ja gefe, sai ga ɓoyayyen ɗaki. Inna ta hau tafi, ita da kullum ke cewa abin nan ɓata ido ne.

Ɗan ya daɗe yana kallon zanen. Layukan a karkace suke, amma awon ko ɗaya bai kauce ba.

Washegari da safe ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya sa kujerar roba a baya, ya ce, "Baba, mu tafi." Yanzu haka Baba yana can ƙarƙashin rumfa a wurin gini, sanda a hannu, ya sa leburori suna sauke layin bulo na uku don ya ce bai miƙe ba.