Fitilar da ke Bayan Gwaggo

Shekara ashirin da biyu Gwaggo tana buga takardu a ofishin wani lauya, tun zamanin tafireta har kwamfuta ta zo ta same ta. Kowa Gwaggo yake ce mata, har lauyan da ya girme ta. Ɗakinta ba taga, sai tebur da fitila mai lanƙwasasshen wuya.

Da tsohon ya ajiye aiki, ɗansa ya karɓi ofis. Ya sa aka shigo da sabbin kabad, aka tura teburinta kusurwa, aka ɗora fitilar a kan wata kanta bayan kafaɗarta. Ba a yi wata biyu ba ido ya fara yi mata yaji. Kafin azahar haruffa sun dusashe, kai yana sarawa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko maigidanta. Mahaifiyarta da makanta ta rasu, abin da ke cin ta ke nan.

Ranar wata Laraba ta buga lambar fili 38 a maimakon 88, takardar kuwa har ta je kotu. Ƙaramin lauya ya kira ta.

"Gwaggo, a gabanki na girma, amma wannan kuskure na huɗu ne. Ki je likitan ido ki kawo mini sakamako ranar Litinin."

"To, ranka ya daɗe."

Likitar ta daɗe tana haska mata ido. Gwaggo ta damƙe jaka a cinya.

"Baba, idonki ya fi nawa lafiya. Ina fitila take in kina aiki?"

"A bayana."

"Ki kashe kwamfutar, ki bar fitilar a kunne, ki dubi gilashin."

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa, ta yi yadda aka ce. Ga fitilar nan zaune a tsakiyar baƙin gilashi kamar gwaiduwar ƙwai, daidai inda take karatu. Ta sauko da ita gefen hagu, ta karkata kan fitilar ƙasa, hasken ya kwanta a kan takarda kaɗai.

Lauyan ya karanta sakamakon, fuskarsa ba ta saki ba. Ya ajiye mata shafi goma sha biyu na rubutun hannunsa, ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Ta fara bugawa. Tana jin numfashinsa, tana jin agogon bango. A shafi na tara ta tsaya cak.

"Mene ne? Ba kya gani?"

"Ina gani. A sama ka rubuta sha uku ga wata, a nan kuma sha takwas. Wanne zan buga?"

Ya karɓi takardar ya duba, ya yi gyaran murya.

"Sha uku."

Ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya fita. Gwaggo ta ƙara shekara shida a ofishin, sannan ta ajiye aiki don kanta, ta koma renon jikoki.